Kakar kakar surukata fursuna ce aka kai Tasmaniya? Ina neman hanyar tabbatarwa

Bagobiri_Melbon:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman wanda ya san kan takardun fursunonin da Ingila ta riƙa kwashewa tana kaiwa Ostireliya. Maman yarana 'yar nan Ostireliya ce, kuma mun jima muna bin salsalar danginta ta wajen uwa, don yara su san ɓangarorinsu biyu. Mun kai kan wata mata mai suna Mary, kakar kakar surukata ke nan. Sunan gidan na ajiye shi tunda dangin suna raye.

Takardu biyu ne a hannunmu. Ta farko shaidar aurenta ce a Launceston, arewacin Tasmaniya, a 1848. Babu sunan iyaye, babu sunan jirgin da ya kawo ta, sai shekarunta da na mijin da sunayen shaidu. Ta biyu shaidar rasuwarta ce a jihar Biktoriya a 1886, inda aka ce an haife ta a Cork ta ƙasar Ailan, ta yi shekara 11 a Tasmaniya, sannan 33 a Biktoriya. In lissafin ya yi daidai, wajen 1842 ta sauka.

Labarin da ake bayarwa a gidan shi ne aikatau ya kawo ta, ta biyo wasu iyayen gida. Amma sunanta bai fito a jerin fasinjoji ba. A jerin fursunoni ya fito, har mutum biyu: ɗaya an yi mata shari'a a Landan ta iso 1842, ɗayar a Libaful ta iso 1844. Ta yaya zan san wacece tamu, in ma akwai tamu a cikinsu?

Ummu_Hanifa:
Wa alaikumus salam. Ikon Allah, ni ban taɓa sanin har mata ake kaiwa ba. Laifin me za su yi da za a raba su da ƙasarsu haka?

Malam_Tarihi_Zariya:
Har mata, Hajiya. Daga 1788 zuwa 1868 an kai mutum kimanin 162,000, mata a ciki wajen 25,000. Galibinsu sata ce, kuma ba wata babbar sata ba: riga, agogo, zanin gado da aka kai jingina, 'yan sulalla daga aljihun wani. Hukuncin shekara 7 ne, ko 14, ko rai da rai. Da can Amurka ake kai su, musamman Maryland da Bajiniya. Da Amurkawa suka yi tawaye ƙofar ta rufe, gidajen yari suka cika, har aka koma tsare mutane a tsofaffin jiragen ruwa a kogin Thames. Daga nan ne ayarin farko na jirage 11 ya tashi daga Portsmouth a Mayun 1787, ya isa a Janairun 1788.

Hadiza_Hobat:
Yaya Bagobiri, ni a Hobat nake, babban birnin Tasmaniya, kuma na taya wata maƙwabciyata irin wannan aikin. Ka bar jerin jirage tukuna. Abin da za ka fara nema shi ne rajistar izinin aure. Duk fursunan da wa'adinsa bai ƙare ba sai ya nemi izinin hukuma kafin ya yi aure, kuma akawu yana rubuta sunan namijin da na macen, kowa da sunan jirginsa a gefe. Lambar kundin CON52 ce, kuma yana cikin ma'ajiyar sunaye ta Libraries Tasmania a intanet, kyauta. Ka nema da sunan mijin, ba nata ba, tunda masu suna Mary sun yi yawa. In ka ga sunansa haɗe da nata a 1847 ko 1848, to sunan jirgin da ke gefenta ya raba maka gardama.

Duk matan nan biyu, in shekara 7 aka yanke musu, a 1848 ba lallai su gama ba, don daga ranar shari'a ake ƙirgawa. Ta Libaful dai tabbas tana cikin wa'adi.

Bagobiri_Melbon:
Allah Ya saka da alheri ƙanwata. Shekara 7 aka rubuta wa kowacce. Amma abin da ya ɗaure min kai, takardar rasuwa ta ce Cork, su kuma a Ingila aka yi musu shari'a.

Sani_Dablin:
Wannan ba matsala ba ce Malam. Inda aka haifi mutum daban, inda aka kama shi daban. Mutanen Ailan sun cika Libaful da Landan da Manchesta a lokacin, suna ci-rani. Mace za ta iya zama haifaffiyar Cork a kama ta a Libaful.

Amma akwai abin da ya kamata ka lura. Wane jeri ka duba? In wanda ɗakin karatu na jihar Queensland ya sa a intanet ne, daga kundin HO 11 na ma'ajiyar Kew ta Landan aka ɗauko shi, kuma waɗanda aka yi wa shari'a a cikin Ailan aka ɗauke su daga Dablin ba sa ciki. Nasu kundin daban ne. Ka ga ke nan za a iya samun Mary ta uku da ba ka ma gan ta ba. Matan Ailan a gidan yarin Grangegorman na Dablin ake tara su kafin a sa su jirgi, kuma ma'ajiyar takardun ƙasar Ailan tana da jerin da ake bincikawa da suna. Rajistocin da suka gabaci 1836 sun ƙone a gobarar Four Courts ta 1922 lokacin yaƙin basasa, amma taku ta zo bayan 1836, akwai sa rai.

Bagobiri_Melbon:
Shi na duba kuwa. To yanzu zan koma ma'ajiyar Tasmaniya kai tsaye.

Hadiza_Hobat:
Ita ta haɗa kowa, na Ingila da na Ailan, tunda a nan aka karɓe su.

Alhaji_Maikudi62:
Ni fa ina da ja a kan wannan aikin gaba ɗaya. Ɗana, matar nan ta rasu shekara fiye da ɗari. In ma ta yi sata, ta sha hukuncinta, ta rufe bakinta, 'ya'yanta suka rufa mata asiri har jikoki. Kai kuma da ka shigo gidan ta hanyar aure za ka zo ka tone? A wajenmu ko kakanka bawa ne ba a faɗa a gaban jama'a. Rufin asiri ya fi.

Ummu_Hanifa:
Baba ya faɗi gaskiya ta wani ɓangaren. Ita surukar taka ta san kana wannan binciken?

Bagobiri_Melbon:
Baba, na ji maganarka kuma ban raina ta ba. Ba ni na fara ba, maman yara ce ta ɗauko, ni taya ta nake saboda na fi ta haƙurin karanta tsohon rubutu. Surukata ta san muna bin tarihin gida, amma ba ta san mun doshi jerin fursunoni ba. Ta haura 80, kuma da labarin aikatau ta tashi.

Dr_Rabi_Sidni:
Baba Alhaji, da girmamawa, abin ya sauya a nan. Gaskiya ne an daɗe ana ɗaukar jinin fursuna a matsayin tabo. Dalilin da ya sa Tasmaniya ta bar tsohon sunanta na Van Diemen a 1856 ke nan, bayan an daina kai fursunoni a 1853. Kuma dubban tsofaffin fursunoni sun tsallaka Biktoriya da aka gano zinare a 1851, wasu suka sauya suna, suka ƙirƙiro labarin zuwa. Har doka Biktoriya ta yi a 1852 don tare su. Ƙaurar Mary a daidai wannan lokacin ta yi kama da wannan hanyar sosai.

Amma yau mutane da alfahari suke faɗa. UNESCO ta sa takardun fursunonin nan cikin kundin tarihin duniya a 2007, sannan a 2010 ta sa wurare 11 cikin wuraren tarihi, har da Port Arthur da barikin Hyde Park na nan Sidni da gidan yarin mata na Cascades a Hobat. 'Yan makaranta ake kaiwa su gani. Tsofaffi irin surukarsa ne kawai har yanzu wasunsu ke jin nauyin abin.

Alhaji_Maikudi62:
To ai ita nake nufi, Dakta. Wadda take raye ta fi wadda ta mutu haƙƙi a kanmu. Kada a ɗaga wa tsohuwa hankali saboda takarda.

Jibo_Damagaram:
Sannunku da hira. Ni abin nan ya taɓa ni ta wata fuska. A gidanmu ana cewa wan kakana Faransawa sun kama shi sun tafi da shi, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Wasu su ce Kayen aka kai shi, wasu su ce Kodebuwa. Babu takarda ko ɗaya, sai sunansa da aka mayar wa mahaifina. Da akwai inda zan ga layi ɗaya da sunansa, ko da ɓarawo aka rubuta a gefe, wallahi da na karɓa da hannu biyu. Rashin sani ya fi ciwo, Alhaji.

Malam_Tarihi_Zariya:
Malam Jibo, naka ma yana da hanya, ko da yake ta fi wuya. Faransa ta kai fursunoni Guyane, yankin Amurka ta Kudu inda garin Kayen yake, daga 1852, na ƙarshe suka baro a 1953. Takardunsu suna Aix-en-Provence, a ma'ajiyar ƙasashen ƙetare, kuma ana iya neman suna a intanet. Dokarsu ta fi ta Ingila tsauri ta wani gefen: wanda aka yanke wa ƙasa da shekara 8, in ya gama sai ya ƙara zama a can daidai tsawon hukuncinsa, wanda ya kai 8 kuwa ba ya komawa gida har abada. In kuma korar siyasa ce zuwa Kodebuwa, kamar yadda aka yi wa Sarkin Damagaram Amadu Ɗan Bassa a 1906, to takardun mulkin Afirka ta Yamma a Dakar suke. Ka gwada rubuta sunan ta kowace siga da kunnen Bafaranshe zai ji shi.

Ɗan_Kabara:
Mu ma ai an yi mana. Sarkin Kano Alu a Lakwaja ya rasu a 1926, ga Kwasau da Aliyu Ɗan Sidi na Zazzau duk can suke kwance.

Alhaji_Maikudi62:
Kada ka haɗa sarakunan da suka ƙi miƙa wuya ga Nasara da ɓarayin riga, Ɗan Kabara. Waɗancan abin alfahari ne.

Dr_Rabi_Sidni:
Ba ɗaya ba ne, na yarda. Sai dai cikin na Ostireliya ma akwai na siyasa. Leburorin gona shida na ƙauyen Tolpuddle a Ingila an kai su a 1834 saboda sun yi rantsuwar kafa ƙungiya. Jirgin ƙarshe, Hougoumont, da ya isa Fremantle a Janairun 1868, yana ɗauke da 'yan gwagwarmayar Ailan. Har baƙar fata akwai. David Stuurman, shugaban al'ummar Khoi daga Afirka ta Kudu, an kawo shi 1823 ya rasu a Sidni 1830. Kuma ita mai satar rigar, yarinya ce 'yar 18 ko 20 da take kwana da yunwa a garin da ba ta da kowa. Ni ba na ganin ƙasƙanci a kanta. Wanda ya raba ta da uwarta har abada a kan riga shi ya kamata ya ji kunya.

Abu_Yasir:
Laifin wani dai ba ya hawa kan wani, addini ma haka ya koyar. Yaran Bagobiri ba su ɗauki komai ba.

Hadiza_Hobat:
Bari in dawo da mu kan Mary, don akwai abin da nake son Yaya ya sani kafin ya buɗe takardun a gaban yara.

In ka samu jirgin, kundi biyu za ka nema. Na farko na siffa ne, CON19. Da jirgi ya tsaya ake auna kowace mace a rubuta: tsawo da inci, launin gashi, launin ido, siffar hanci da haɓa, zanzana a fuska, haƙorin da ya fita, tabon ƙuna a hannu, da duk zanen da ta yi a jiki. Ta maƙwabciyata an rubuta tana da haruffa huɗu a damtsen hagu da ɗigo biyar a bayan hannu. Daga baya muka ga haruffan sun yi daidai da sunan ƙanenta da aka ambata a jerin danginta. Ba ta da hoto a duniya, amma maƙwabciyata ta karanta shafin ta ce ga tsawon mahaifiyarta nan, ga idonta. An rubuta ne don in ta gudu a kamo ta, yau kuma jikokin jikokinta da shi suke ganin kamanninta.

Na biyu kundin hali ne, CON40 ga waɗanda suka zo kafin 1844, CON41 ga na baya. Shi ne mai nauyi. A sama akwai laifin, da abin da ta faɗa da bakinta, da rahoton gidan yari da na likitan jirgi. Ga mata da yawa akwai layin da ke cewa ta yi zaman kanta na wata kaza. A ƙasa kuma duk horon da aka yi mata: fita ba izini, maye, yi wa uwar gida rashin kunya, sai a rubuta wata uku a wajen wanki, ko kwana 14 a ɗakin duhu da burodi da ruwa. In ta yi ciki a gidan da aka tura ta aiki, a mayar da ita Cascades ta haihu, bayan yaye a ƙara mata wata shida na horo, ba a kuma tambayar wanda ya yi cikin. Jarirai da yawa sun mutu a wurin renon. Za ka iya tarar da ɗan da dangin ba su taɓa jin labarinsa ba.

Ka fara karantawa kai da Anti, ku biyu.

Ummu_Hanifa:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ashe ita za a hukunta, shi ya tafi abinsa.

Malam_Tarihi_Zariya:
In ƙara a kan maganar Hadiza. Duk abin da ke kundin nan gandiroba ne da ubangida da alƙali suka faɗa. In an ce ta yi rashin kunya, ba ka san me aka yi mata kafin ta buɗe baki ba. Inda za ka ji muryarta ko ta danginta shi ne takardun koke, HO 17 da HO 18 a Kew, inda uwa ko miji ko limamin coci ke roƙon a sassauta. Ta Landan ɗin kuma, in a Old Bailey aka yi shari'ar, bayanin zaman kotun yana intanet kyauta, daga 1674 har 1913, wani lokaci har da 'yar maganar da ta yi ta kare kanta. Rahoton likitan jirgi yana ADM 101. Ka kuma duba jaridun da ke Trove, ma'ajiyar tsofaffin jaridun Ostireliya a intanet, don ana buga sunayen waɗanda aka ba takardar sassauci da ta 'yanci, kowa da jirginsa.

Sani_Dablin:
Kuma kada ka rantse da takardar rasuwar. Wanda ya je ya ba da bayanin ɗa ne ko jika, abin da aka gaya masa ya maimaita. In ta rage shekarun Tasmaniya ko ta ƙara don ɓatar da sawu, lissafinka na 1842 zai iya gocewa da shekara biyu ko uku. Shekarun haihuwa ma haka.

Khalifa_IT:
Me zai hana gwajin DNA? Ya fi wannan wahalar sauri.

Dr_Rabi_Sidni:
Yana taimakawa amma ba ya faɗin sunan jirgi. Zai iya haɗa ku da wasu dangi a Cork, shi ke nan. Kuma wadda gwajinta zai fi amfani ita ce surukar, tunda ta fi kusa da Mary. Ka ga mun dawo kan maganar Baba Alhaji, sai an gaya mata dalili.

Nana_Kumasi:
Akwai abin da ba a taɓo ba. Ƙasar da aka jibge su a kai tana da masu ita. 'Yan asalin Tasmaniya an kusa ƙarar da su, har a 1830 aka jera sojoji da fararen hula da fursunoni a layi don a kore su. Kafin Mary ta sauka an riga an kwashe ragowarsu zuwa tsibirin Flinders. In za a ba yara labarin kakarsu da aka zalunta, a haɗa musu da wannan, don gonar da ta yi wa aiki ta wasu ce aka ƙwace.

Bagobiri_Melbon:
Haka ne Hajiya Nana, kuma babbar 'yata ta riga ta karanta wannan a makaranta.

Ga inda muka kwana. Mun nema da sunan mijin kamar yadda Hadiza ta ce, ya fito a rajistar izinin aure a farkon 1848, haɗe da Mary. Jirgin da ke gefenta ba na Landan ba ne, ba na Libaful ba ne. Daga Dablin ya taso, ya iso 1843. Malam Sani, Mary ta uku ce. Kundin siffa ya ce Cork, tsawo ƙafa 5 ba ko inci, fuska da zanzana, 'yar aikin gida. Laifin satar mayafi ne, kuma an taɓa ɗaure ta sau ɗaya kafin nan. Maman yara ta yi kuka da ta karanta.

Abu biyu sun rage. Shekarunta a jirgi da na takardar aure sun saɓa da shekara huɗu. Sannan a gefen sunan mijin an rubuta ɗa ne, wato mai 'yanci, ba fursuna ba, alhali dangin suna cewa matuƙin jirgin ruwa ne.

Hadiza_Hobat:
Alhamdu lillahi. Saɓanin shekara huɗu ba ya tayar min da hankali in sunan miji da gari da shekarar aure duk sun dace. Amma a tabbatar da coci ɗaya ne, kuma a duba ko babu wani mai sunan mijin a Launceston a lokacin. Maganar ɗa kuwa, akawu yakan rubuta haka ga wanda ya zo da ƙafarsa, yakan kuma rubuta ga wanda ya gama wa'adinsa. Ku nemi sunansa a kundin maza, CON31, daga shekarun 1830.

Sani_Dablin:
Ni dai ba zan rufe littafin ba tukuna. Shekara huɗu ba kaɗan ba ce ga 'yar 20. A nemo takardun haihuwar 'ya'yansu a ga sunan gidan uwar da aka rubuta a kowacce, sannan a duba jerin masu barin Launceston zuwa Melbon wajen 1853, don a lokacin ana rubuta jirgin da ya fara kawo mutum da matsayinsa.

Alhaji_Maikudi62:
To kun samu. Yanzu tsohuwar fa?

Ummu_Hanifa:
Ni a ganina 'yarta ce za ta gaya mata, ba suruki ba. Kuma a fara da tambayarta ko tana son ji.

Dr_Rabi_Sidni:
Ba mamaki ta sani tuntuni. Na ga gidaje da yawa da tsofaffin suka sani suka yi shiru, suna zaton yaran ne ba za su iya ɗauka ba.

Bagobiri_Melbon:
Maman yara tana son ta gaya mata, ƙaninta ya ce a bari. Ni na ce ba zan sa baki ba, maganar gidansu ce. Zan ci gaba da neman mijin da jerin masu ƙaura.

Jibo_Damagaram:
Malam na Zariya, na shiga na Aix ɗin. Na samu suna biyu masu kama da nasa, amma an rubuta ƙasar haihuwa Sudan, ba Nijar ba. In bar su ko in bi?

Malam_Tarihi_Zariya:
Ka bi. Sudan a takardun Faransa Mali ce ta yau, kuma Nijar ba ta zama mallaka mai cin gashin kanta ba sai 1922, kafin nan yankin soja ce da aka daɗe ana haɗa ta da ɓangaren Bamako. Ka rubuto lambar fursuna da shekarar hukunci na kowannensu, da kotun da ta yanke, sai mu ga wanda ya dace da shekarun kakanka.